Jan Maɓalli da Yashin Suyar Inna

Lafia, 9 ga Maris, 1989

Zuwa ga Yaya Sharifa,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Yaya Abdulsalami, ya aiki, ya zafi. Mu nan lafiya lau, sai ciwon bayan nan na Inna da kika sani. Baba yana Kwandere wajen sharar gona, sai ranar Juma'a muke ganin sa.

Yaya, zan gaya miki abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Don Allah kar ki yi mini dariya, in ma za ki yi, kar ki yi a gaban mijinki. Mitar nan mai ruwan ɗorawa da kika bari ƙarƙashin gadon Inna lokacin da kuka dawo daga aikin Awe, ni ina ɗaukar ta. Kin tuna ranar da kika nuna mini yadda ake murɗa ta ta kama, kika ce tana jin abin da ido ba ya gani? Maganar nan ta ƙi fita daga raina. In Inna ta tafi tasha da gyaɗa, sai in tura ƙofa, in kunna ta, in ɗora sandar nan mai igiya a ƙirjina, in tuna wani mutum, sannan in danna jan maɓallin. Yaya, allurar nan tashi take yi ta tafi can kusa da ƙarshe!

Kar ki tambaye ni sunansa, ni ma ban sani ba. Da keke yake wucewa ta bakin famfo bayan la'asar, da littattafai ɗaure a bayan sirdi. Ko sannu ba mu taɓa yi ba. In na hango shi ma bokitina nake kallo. A cikin littattafan soyayyar da nake ara wurin wata 'yar ajinmu, da zarar yarinya ta ga nata sai a ce gabanta ya faɗi, shi ke nan ta gane. To ni gabana faɗuwa yake yi ko malamin lissafi ne ya kira sunana, ta yaya zan bambance? Shi ya sa nake aunawa.

Amma maɓallin nan yana ba ni wahala. Wani lokaci in danna, in danna, shiru, sai na danne shi da ƙarfi ta gefe. Wani lokaci kuma in na sake shi allurar ta ƙi saukowa, sai na bubbuga akwatin. Sai wani abu kuma da ya ɗaure mini kai. Rannan na ɓoye ta cikin mayafi na fito tsakar gida, ina so in leƙa ta zaure in auna daidai lokacin da zai wuce. Na tsaya kusa da tarin yashin suyar Inna, ban taɓa maɓalli ba, sai na ga allura tana hawa ita kaɗai. Na ce to, tun kafin ya iso ta ji shi. Na jira har aka kira magariba, ranar bai ma biyo ta nan ba. Na sake gwadawa wata rana, haka ta yi. Me ke nan, Yaya? Ko na ɓata miki kaya ne? In na ɓata, ki gaya mini yadda zan gyara kafin ki zo ɗauka.

Labarin gida kuwa, sana'ar Inna ta buɗe. Ita da Hembadoon, maƙwabciyarmu 'yar Tibi, Maman Iveren, sun haɗa kasko, sun samu wani sabon yashi da ke soya gyaɗa jawur ba ƙuna. Yanzu direbobi da sunan Inna suke tambaya. Ta ce bayan ƙaramar Sallah da sauran tarin za a yi mana daɓen siminti a ɗakin da muke kwana, mu huta da ƙura.

Inna ce za ta ba direban Kaduna wannan takarda da safe. Na gode Allah da ba ta karanta boko. Tana gaishe ki, ta ce har yanzu ba a samu ba?

Ƙanwarki,
Sailuba

Kaduna, 21 ga Maris, 1989

'Yar Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, da ɗan maiƙo a gefe, na san daga tiren wa ta fito. Muna lafiya. Ki gaida Gwaggo Rekiya, ki ce mata ta ci gaba da addu'a, ta kuma daina ɗaukar kasko ita kaɗai. Ki gaida Baba in ya shigo.

Na cika alkawari rabi. Ban yi dariya a gaban Yayanki ba, banɗaki na shiga na yi, har ya buga ƙofa yana tambaya ko lafiya. Sailuba, kaico! Jan maɓallin nan na gwada batir ne. In kika danna shi, allura tana nuna ko batir na da sauran ƙarfi. Ko a ƙirjin akuya kika ɗora sandar, haka za ta tashi. Abin da kika auna duk kwanakin nan, batiran da na saya a kasuwar Lafia ne, kuma na ji daɗi da har yanzu suna da rai.

Ba ke kika ɓata ta ba. Tun a Awe maɓallin ya fara wannan iskancin. Muna auna bakin rijiyoyin gishiri, hannuwanmu duk ruwan gishiri, muna danna shi, gishirin ya shiga ya ci ƙarfen ciki. Shi ya sa wani lokaci ba ya kamawa, wani lokaci kuma ya maƙale a ƙasa, allura ta yi ta nuna batir ke kuwa kina zaton wani abu ta ji. Da abin sauraron kunne yana tare da ita da kin gane, amma yana nan wurina. Ofis sun cire ta daga aiki saboda haka, suka ce in gyara in zan iya, mota kuma ta cika na bar ta wurinku. Abin da ya faru a tsakar gida ke nan, mayafinki ya danne shi ko ya maƙale. Yashin rafin Amba ba ya motsa allura.

Ainihin aikinta shi ne jin wani irin zafi da wasu duwatsu ke fitarwa, wanda ba a gani, ba a jin sa a fata. A ofis rediyeshan muke ce masa. Inda take tashi da gaske shi ne tsofaffin wuraren haƙar kuza, kan tarin abin da ake zubarwa bayan an wanke kuzar. Can ogan mu ba ya bari mu zauna mu ci abinci, sai mun yi nisa mun wanke hannu. Ba ya kashe mutum yau ko gobe, shekaru yake ɗauka, ga wanda ke kwana a kai ko yake haɗiyar ƙurar.

In kina son gyara, ga yadda ake yi. Ki cire batir tukuna, ki bar ta ta huta kamar tsawon dahuwar shinkafa, don tana riƙe wuta a ciki. Ki sayi sifirit a kyamis, ki ɗiga kaɗan a wuyan maɓallin, ki yi ta dannawa har ki ji yana dawowa da kansa, ki bar shi ya bushe. Kar ki sa mai ko wane iri. Kar ki taɓa sauran kayan ciki.

Yanzu mu zo kan babbar magana. Wane ne mai keken nan? Ɗan makaranta ne ko malami? Musulmi ne? Ki buɗe ido, ƙanwata, mutanen cikin littafi ba sa cin tuwo, ba sa fushi, na waje kuwa suna yi. Ba zan gaya wa Gwaggo ba, amma duk abin da ya faru ni za ki fara sanar wa.

Yayarki,
Sharifa

Lafia, 2 ga Afrilu, 1989

Yaya Sharifa,

Salamu alaikum, ya gida ya aiki. Muna lafiya. An yi ruwan farko shekaranjiya, Baba ya aiko cewa ba zai shigo ba wannan makon.

Na karanta takardarki a bayan ɗaki, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Batir! Kwana biyu ban je famfo ba, kamar shi ma ya karanta. To na ji, na kuma yafe miki dariyar.

Amma takardarki ta makara. Kafin ta iso Inna ta dawo da wuri wata rana ta same ni ina fama da maɓallin. Na zaci duka zan sha. Sai ta ce, “Ke da kayan mutane! Mene ne ya same shi?” Na ce ya ƙage ne. Ta ce, “Shi ne kike ta zufa? Kawo nan.” Ta tsoma tsinke a kwalbar man gyaɗa ta ɗiga masa, kamar yadda take yi wa kwaɗon ƙofa. Ina tsaye ina kallo, ban hana ta ba. Kin san ni. Yanzu maɓallin ya yi laushi luguf, ko iska ta taɓa shi sai allura ta yi sama. Ta tashi a kan buta, ta tashi a kan kyanwa. Hembadoon ta ga haka ta ce, “Wannan abu ya sha mai ya bugu, a ba shi tabarma.” Suka yi ta dariya.

Ni ban yi ba, saboda wani layi a takardarki. Kin ce yashin rafin Amba. Yaya, ba na rafi ba ne. Ban faɗa miki ba don ban ɗauka wani abu ba ne. Ƙanen mijin Hembadoon yana tuƙa tifa ta wajen Jos, shi ya juye mana shi kyauta da zai dawo ba kaya. Ya ce a wani tsohon filin kuza ya ɗebo, yana nan tuli-tuli ba mai so. Baƙi ne, da ɗan ƙyalƙyali, mudu ɗaya nasa ya fi na rafi nauyi nesa ba kusa ba. In ya ɗau zafi ba ya saki, shi ya sa Inna ke son sa, itace kaɗan ya ishe ta, ba ta daɗewa a sunkuye.

Shi ne irin wanda ogan ku ba ya bari ku ci abinci kusa da shi? Mu a cikinsa muke soya abin da mutane ke ci. Iveren ta fara rarrafe, can take wuni, kin san yara da kai hannu baki. Kuma shi za a shimfiɗa mana a ɗaki.

Ko kuwa duk maɓallin ne, ni ce nake ƙulla labari kamar yadda na saba? Ban gaya wa Inna komai ba. Da wane baki zan fara, da mitar da ke tashi a kan kyanwa? Don Allah ki ba ni amsa da direban nan in zai juyo.

Sailuba

Lafia, 19 ga Afrilu, 1989

Yaya,

Salamu alaikum, ya ibada, ya ƙishirwa. Allah ya sa muna cikin 'yantattu. Mu lafiya, Inna dai azumi da zafin kasko sun rame da ita.

Kullum in Inna ta dawo sai in duba tirenta ko akwai takarda. Har ta gane, ta ce, “Ke da Sharifa wace gulma kuke yi haka?” Yaya, shin fushi kika yi? In don man gyaɗar da Inna ta ɗiga wa maɓallin ne, wallahi na yi ƙoƙarin wanke shi. Na sayi sifirit, mai kyamis yana ta tambaya wa ya ji ciwo, na ce ba kowa, na fito da gudu. Na cire batir, na jira kamar yadda kika ce, na ɗiga, na danna har babban yatsana ya yi ja. Wani baƙin ruwa ya fito, na goge da tsumma, na sake. Yanzu ya fi, yana ɗan cewa ƙas in ya dawo. Amma ba kullum ba. Sai ya yi lafiya lau, in fara murna, sai kuma ya tsaya a rabi.

Abin da na tambaye ki a takardata ta baya shi ya hana ni sakat. Littafi ma in na buɗe, sai in kai ƙarshen shafi ban san me na karanta ba. In fita tsakar gida, in dawo, in sake fita. Jiya na ƙona kunun buɗa-baki ina tsaye a kansa. Ki ce mini eh ko a'a kawai, ko a bayan takardar sabulu ne. Ba ni da wanda zan tambaya sai ke.

Inna ta riga ta yi magana da birkila. Ya ce da an sauko daga Idi da kwana kaɗan zai zo.

Ƙanwarki mai jira,
Sailuba

Kaduna, 28 ga Afrilu, 1989

Sailuba,

Wa alaikumus salam, ya azumi. Ki yi haƙuri da rubutun, a kwance nake yi. Ki gaya wa Gwaggo addu'arta ta karɓu, amma laulayin ya zo da ƙarfi, likita ya hana ni zuwa ofis. Kar ta tayar da hankali, da sauƙi.

Wane fushi kuma? Tun takardarki ta farko ban ga komai ba sai wannan ta azumi. Yayanki ya je tasha ya tambaya, aka ce direban da Gwaggo ke ba saƙo ya koma hanyar Makurdi. Ina jin takardarki na can cikin aljihunsa tana yawon duniya.

Ban ga tambayar ba, amma na san ta, ni ma na taɓa zama 'yar shekara goma sha shida. Amsata ita ce a'a. Kar ki fara gaishe shi. In yana da ido ya gan ki, in yana da baki ya nemi gidanku. Ki ci abinci, ki daina ƙona wa mutane kunu.

Man gyaɗa kuma! Allah ya bar mana Gwaggo. Kin kyauta da kika wanke. In har yanzu yana tsayawa a rabi, to ƙarfen cikin ya gaji, sai an canja shi. Kafin nan ki jawo shi sama da farce, ki cusa tsinken tsintsiya a wuyansa ya riƙe shi, kar ya sake nutsewa. In yana sama, ba ruwansa da allura. Ki riƙe wannan: maɓalli bai san inda yake ba. In laifinsa ne, ko'ina zai yi haukansa, ɗaki ko waje. In kuwa wuri ɗaya allura ke tashi, ki matsa ta sauka, ki dawo ta hau, to ba shi ba ne. Amma a gidanku ba abin da za ta ji. Ki mayar da ita ƙarƙashin gado, ki manta da ita, in na samu ƙarfi zan aiko a ɗauka.

Ina taya ku murnar daɓe. A yi Sallah lafiya.

Sharifa

Lafia, 9 ga Mayu, 1989

Yaya Sharifa,

Salamu alaikum. Barka da Sallah, barka kuma da wannan labari mai daɗi. Inna ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo. Allah ya raba lafiya, ya ba ki sauƙi. Ki yafe mini da zan ɗora miki wannan kina kwance.

Ba maganar mai keke na tambaye ki ba. Takardar da ta ɓata, abin da ke cikinta shi ne, yashin suyar Inna ba na rafi ba ne. Daga tsohon filin kuza aka kwaso shi ta wajen Jos, baƙi ne mai nauyi.

Da na karanta amsarki, gaskiya daɗi na fara ji. Kin ce in mayar da ita in manta. Na mayar. Na yi Sallah, na sa lalle, na ce ai babba ta faɗa, wa ya isa ya ce ban bi umarni ba? Amma da yamma in na ga Inna tana tankaɗe gyaɗa a rariya, baƙar ƙurar nan na tashi tana sauka a gashin idonta, sai maganar yashin ta dawo mini sabuwa.

Yau da hantsi Inna na tasha, na jawo mitar. Na ɗago maɓallin, na cusa tsinke kamar yadda kika ce, na girgiza akwatin, na bubbuga, allura ba ta motsa ba, tana can ƙasa tana ɗan rawa. Na riƙe ta ta hannun sama yadda yatsana ba zai je kusa da maɓalli ba. A ɗaki, ƙasa. Bakin rijiya, ƙasa. Wajen itace, ƙasa. Kan kyanwa ma na gwada, ƙasa. Na nufi tarin yashin a hankali, tun ban kai ba ta fara ɗagowa, da na kai sandar kansa ta wuce rabi ta ci gaba. Na ja da baya, ta sauko. Na koma, ta hau. Na je bayan ɗaki inda sauran tsohon yashinmu na rafi yake, ko gezau. Kan kasko ta hau. Kan gyaɗar da aka riga aka tankaɗe aka zuba a kwalba, da ƙyar ta motsa, wannan ban san fassararsa ba, ke za ki faɗa mini.

Ina cikin kai da kawowa Hembadoon ta shigo da Iveren a baya, ta sauke ta a gindin tarin kamar kullum. Ta ce, “Sailuba, miji ya faɗi a ƙasa ne kana nema?”

Na ce mata a'a, gwaji nake yi.

Ta ce, “Wannan mashayi? Ya warke?”

Na ce ta riƙe da kanta ta gani, don ina tsoron ko hannuna ne. Ta goge hannu a zani ta karɓa, tana riƙe da ita nesa da jiki kamar an ba ta kaza mai zawo. Ta tafi bakin rijiya, ta dawo wajen yashi, ta sake komawa, ta sake dawowa. Dariyar ta ɗauke. Ta ce, “Shi yana so yashi namu. Me ya sa?”

Na ce ban sani ba.

Yaya, ta dube ni. Sai ta ajiye mitar a kan turmi, ta sunkuya ta ɗauke Iveren, ta buɗe mata hannu ta kakkaɓe, ta sa bakin zani ta goge mata baki ciki da waje har yarinyar ta fashe da kuka. Ta ce, “Kai ka sani. Tun kana ƙarami, in ka yi ƙarya kunne naka yana motsi. Abeg, in Maman ka ya dawo, ni ina nan.” Ta goya 'yarta ta fita. Har yanzu ban ji motsinta ba ta katanga.

Ga inda nake. Birkila jibi zai zo, buhunan siminti suna zaure. Ko yau wannan takarda ta kama hanya, kafin amsarki ta dawo an shafe ɗaki ya bushe, muna kwana a kai. Ba zan iya jiran ki ki faɗa da bakinki ba, alhali abin da nake ta fata ke nan tun farko, ki zo ko ki rubuto, ni in tsaya a bayanki.

Kuma na san abin da zai biyo baya. In aka ji a tasha cewa yashin Rekiya na da wani abu, ba wanda zai tsaya jin ko gyaɗar kwalba ta motsa allura ko ba ta motsa ba. Guba za a ce. Masu tire na gefenta su za su fara yaɗawa. Za ta koma yashin rafi, da itace mai yawa, da sunkuyon da ke sa ta kwana tana nishi. Tun da na yi wayo ban taɓa jin tana waƙa a bakin kasko ba sai bana. Za ta ce 'yar da ba ta iya gaida baƙo ba ita ce yau ta san ƙasa fiye da uwarta. Za ta ce littattafan banza sun juya mini kai. Wataƙila ma ta ce da tsinken tsintsiya zan raba ta da abincinta. Na tsara maganar a raina ta hanyoyi iri-iri, kowace in na kai tsakiya sai harshena ya yi nauyi, tun ba ta nan ma.

Sai na lura da wani abu. A takarda ba na sarƙewa. Duk ga shi na faɗa tiryan-tiryan, ban tsaya ba. To ba sai na ƙirƙiri wata magana ba. Da ma Inna ce mai kai wa direba. Yau ba zan liƙe ambulan ba. In ta shigo ta sauke tire ta sha ruwa, zan kira Hembadoon ta katanga, in ce su zauna a tabarma, in karanta musu wannan daga salamu alaikum har ƙasa, har wurin da na ce za ta zage ni, ba zan tsallake ko layi ɗaya ba. In ta so, ta riƙe mitar ta je ta dawo da ƙafarta. Sannan in miƙa mata takardar a hannu, ita za ta san ko ta kai tasha ko ta sa a murhu. In ta iso gare ki, ki san Inna ta ji, ki rubuto mana abin da za mu yi da tarin, da kaskon, da Iveren.

Ga ƙarar tirenta nan a zaure, tana yi wa wani sallama. Bari in tashi in tarye ta.

Ƙanwarki,
Sailuba